Ƙarfe Daban, Manhaja Daban: Yadda Muka Dafa Ƙwan Zabin Hajiya

Rubutun wannan mako ya faɗo kanmu, kuma za mu ja ku zuwa rumfar walda. A yi haƙuri da ƙaurin ƙarfe.

Mu uku ne a nan Illela muke haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai. Biyu daga cikinmu mun yi difloma a kwalejin kimiyya da fasaha, ɗaya a fannin lantarki, ɗaya a fannin kwamfuta. Na ukun maigidanmu ne, mai walda, wanda ya haife mu a shekaru, kuma a rumfarsa muke aiki. Shi ke yanka ƙarfe ya haɗa akwati da farantan ƙwai. Na lantarki ya ja wayoyi, ya sa fanka da abin ɗumamawa da batir. Na kwamfuta ya rubuta manhajar da ake ɗura wa ɗan allon Arduino, wanda shi ne ƙwaƙwalwar injin: shi ke jin zafi, ya kunna, ya kashe, ya juya ƙwai, ya rubuta lamba a ɗan gilashin da ke gaba. Ƙwan kaza kwana 21 yake so, na zabuwa kwana 26 zuwa 28, dukansu a kan zafin da ke wajen digiri 37.5. Iyakar sirrin ke nan. Ka riƙe wannan lamba, ka samu tsaki. Ka kuskure ta da digiri biyu, ka samu wari.

Daminar 2023 mun haɗa inji tara. Ana cikin aikin, 'yan ma'aunan zafin da muke sawa a ciki suka ƙare, muka ba wani direba saƙo ya sayo mana a Kano. Suka iso, kamarsu ɗaya da na da: baƙin kai kamar na ashana, wayoyi biyu, an rubuta ohm dubu goma a ledar. Muka ɗora mita da safe, ta nuna kusan abin da aka rubuta. Muka sa, muka ɗaure, muka fenta.

Abin da ba mu duba ba shi ne, irin wannan ma'auni yana da wata lamba ta biyu da ake kira lambar B, wadda ke faɗin yadda tirjiyarsa ke sauka idan zafi ya hau. Na farkonmu 3950 ne, kuma da ita aka rubuta lissafin da ke cikin manhaja. Sababbin 3435 ne. A digiri 25 dukansu ohm dubu goma suke nunawa, shi ya sa mita ba ta tona su ba. Amma idan manhaja tana lissafi da 3950 alhali abin da ke cikin akwati 3435 ne, gilashi zai rubuta 37.5, ƙwai kuwa suna zaune a wajen 39.5. Ƙarfen lafiyarsa lau. Manhajar ma ba ta da kuskure ko ɗaya. Aurensu ne bai dace ba, kuma babu waliyyin da ya bincika.

Wata Hajiya daga Birnin Ƙonni ta sayi ɗaya ranar wata Lahadi, ranar kasuwar garin nan, ta biya da sefa, kuɗin adashinta. Ta zuba ƙwan zabi ɗari uku. Ba a yi mako biyu ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, cikin 'yan kwanaki aka rufe iyaka. Ƙonni da muke shiga mu dawo kafin shayi ya huce ta koma sai ta waya. (Mun san akwai hanyoyin daji, kowa ma ya sani, amma ba kowa ke da zuciyar ratsa su da jakar kayan aiki a wancan lokaci ba.) Kullum muka kira sai mu ce, "Hajiya, me injin ke nunawa?" Ta sa jikanta ya karanta: 37.5. Mu ce madalla.

'Yan kaɗan ne suka fito, su ma kafin lokacinsu, raunana, wasu da karkatattun ƙafafu. Sauran sun mutu a cikin ɓawo. Allah ya gafarta mana, da farko ƙwan muka ɗora wa laifi. Daga nan muka ɗora wa wutar da Nijeriya ta yanke wa Nijar, alhali mun san injin da batir da farantin sola yake aiki. Sai da wani maƙwabcinmu a nan cikin gari ya zo da irin wannan kuka, muka sa ma'aunin zafi irin na asibiti a cikin nasa injin, sannan jikinmu ya yi sanyi. Da muka kira Hajiya muna ta bayanin lambobi, abin da ta ce kawai shi ne, "Ɗiyana, ni ban san lamba ba. Ku kunka ce in ya gwada hakanga lahiya lau." Ba mu da amsa.

Asarar ƙwan ta yi ciwo, amma tambayar da ta biyo baya ta fi ta: cikin injinan nan tara, waɗanne ne ke ɗauke da sabon ma'auni? Ba mu sani ba. Babu lamba a jikin ko ɗaya. Na lantarki ya ce yana jin daga na biyar ne aka fara, maigida ya ce, "Ni dai ƙarhe nika yankewa, ku ad da karatu." Na kwamfuta ya buɗe kwamfutarsa, sai ga manhaja iri uku: ɗaya sunanta "ta ƙarshe", ɗaya "ta ƙarshe sabuwa", ɗaya "ta ƙarshe ta gaskiya". Duk wanda ya taɓa gyaran labari a waya ya san wannan cuta. Wacce aka ɗura wa wane inji? Allahu a'alamu. Kowannenmu ya san aikinsa, amma babu wuri ɗaya tak da aka rubuta cewa inji kaza yana da ma'auni kaza da manhaja kaza, kuma yana hannun wane.

Ra'ayinmu ke nan, kuma a kansa muka tsaya: duk na'urar da ke da manhaja a cikinta, ƙarfenta da manhajarta littafi ɗaya ya kamata su shiga. Ba biyu ba. Wanda ya raba su, ko a rumfa yake ko a katafaren kamfani, ya bar tsagar da ƙadangare zai shiga.

Daga baya muka gane cewa abin da ya same mu tsohuwar matsala ce da manyan masana'antun duniya suka daɗe suna kokawa da ita. Masu ƙera mota da jirgi da injina suna da tsarin da a taƙaice suke kira PLM, wato kundin rayuwar kaya tun daga zane har ranar da za a jefar da shi bola. A ciki ake ajiye zane, da jerin duk wani ƙusa da waya da ke jikin kayan, da wanda ya sayar da su, da duk canjin da aka yi da wanda ya amince da shi. Teamcenter na kamfanin Siemens, Windchill na PTC, da Enovia na Dassault na Faransa, duk wannan aikin suke yi. Su kuma marubuta manhaja suna da nasu kayan: Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don adana tarihin kowane layi da aka canza, da irin su Jira da ake rubuta aiki da matsala a ciki.

Ɗabi'ar gidajen biyu ba ɗaya ba ce, kuma nan ne wahalar take. Mai ƙarfe a hankali yake tafiya. Canjin ƙusa ɗaya na iya nufin sabon zubi, sabon ɗan kwangila, da zubar da abin da ke sito, don haka sai an zauna an sa hannu. Mai manhaja kuwa yana iya canza abu sau goma kafin azahar, ya gwada, ya warware, ba ko sisi. Idan ka tilasta masa bin matakan mai ƙarfe, ka kashe masa aiki. Idan ka ƙyale shi yana gudunsa shi kaɗai, wata rana zai saki manhajar da ta dace da ƙarfen da aka daina amfani da shi tun bara. Haɗa tsarin biyu ba yana nufin ɗaya ya koma ɗaya ba. Yana nufin manhajar da aka amince a saki ta samu lamba, ta shiga jerin kayan haɗi kamar yadda fanka da batir suka shiga, kuma idan aka taɓa wani abu a ɓangare ɗaya, tsarin ya tashi ɗaya ɓangaren ya ce masa: ga abin da wannan canji ya shafa a wajenka, duba kafin a wuce. Manyan kamfanonin sun ga haka har suka buɗe aljihu. Siemens ya sayi Polarion, manhajar kula da aikin masu rubuta manhaja, don ya ɗaura ta da Teamcenter. PTC ma a 2022 ya sayi kamfanin da ke yin Codebeamer don ya ɗaura ta da Windchill.

Ba don ado suke yi ba. Ranar 9 ga Mayu 2015 wani sabon jirgin dakon sojoji ƙirar Airbus A400M, wanda aka haɗa wa Turkiyya, ya tashi gwajin farko daga birnin Sabiya na ƙasar Sifaniya. Injina uku cikin huɗu suka ƙi bin umarnin matuƙa. Jirgin ya faɗi, mutum huɗu suka rasu. Abin da aka gano shi ne, lokacin da ake ɗura manhaja a kwamfutocin injinan, an goge wasu bayanan saiti da kwamfutar ke buƙata don ta fahimci abin da injin ke gaya mata. Injinan lafiyarsu ƙalau. Da muka karanta wannan labari sai da muka kalli juna, domin lambar B ɗinmu ce, sai dai can rayuka aka zuba a faranti. Kafin nan ma kamfanin ya sha irin wannan da babban jirginsa A380: injiniyoyin Hambug na Jamus suna zane da tsohon bugun manhajar CATIA, na Tulus a Faransa suna yi da sabo, da aka zo ja wayoyin jirgin, masu tsawon kilomita kusan 500, sai suka ƙi dacewa. Jirgin farko bai isa hannun mai saye ba sai Oktoba 2007, bayan jinkirin kusan shekara biyu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Wani zai ce wannan maganar Turai ce, mu ina ruwanmu? To a zagaya tasha. Makanikin da ke gyaran motocin nan 'yan Kwatano ya san ba kowane birenbos ake ciro wa daga wata mota a sa wa wata ba, ko da sunansu ɗaya da shekararsu ɗaya. Sai lambar jikinsa ta dace. Mai gyaran waya a bakin kasuwa ya san Tecno biyu na iya zama suna ɗaya amma allon cikinsu daban, idan ya yi filashin da manhajar ɗayar, gilashi ya yi fari fat ko wayar ta ƙi tashi. Manomin albasa da ya koma famfon sola a fadamun Kalmalo yana da akwati mai manhaja tsakanin farantinsa da famfonsa, ko ya sani ko bai sani ba. Mutanenmu sun riga sun san darasin nan da hannunsu, sun biya kuɗin makarantarsa da kayan mutane da suka lalata. Abin da ba mu yi ba shi ne rubutawa.

Akwai masu ja da mu a kan wannan, kuma ba duka maganarsu ce banza ba. Na farko su ce waɗannan manhajoji tsada gare su, an yi su ne don kamfani mai injiniyoyi dubbai. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya zo yana tallata wa mai rumfar walda Teamcenter, a raka shi bakin titi. Amma Git kyauta ne, yana aiki a tsohuwar kwamfuta ko babu intanet. Littafi mai kauri na 'yan kasuwa kuma ba ya fi ƙarfin kowa. Tsarin shi ne abin koyi, ba sunan kamfanin ba.

Na biyu ya fi nauyi, kuma daga bakin maigidanmu muka fara jin sa: idan ka rubuta komai, yaron da ka koya wa aiki zai kwafe ya buɗe tasa rumfar a gabanka. Sana'a a wurinmu a ka take zama, kuma akwai dalili. Mutumin da ba shi da takardar mallakar fasaha, ba shi da lauya, sirrinsa ne kawai jarinsa. Ba mu raina wannan tsoro ba. Sai dai abin da muke cewa a rubuta ba dabarar hannu ba ce. Babu littafin da zai koya wa mutum yadda maigida ke walda ƙofar da ba ta sakin zafi. Abin da za a rubuta shi ne me aka sa, a wane inji, yaushe, wa ya saya. Wannan ba sirrinmu ba ne, haƙƙin mai saye ne. Hajiya ba ta nemi mu koya mata walda ba. Da muna da littafi, da mun kira ta a kwana na uku mun ce ta kwashe ƙwanta.

Na uku shi ne wanda ya fi tsaya mana a rai, domin yana rage wa hujjarmu ƙarfi. Kamfanin Boeing na Amurka ba ya rasa ko ɗaya daga cikin waɗannan kayan aiki. Amma da ya sa wa jirginsa 737 MAX manyan injina, aka matsar da su gaba, yanayin tashin jirgin ya canza, sai aka rufe gurbin da wata manhaja mai suna MCAS da ke danna hancin jirgin ƙasa. Manhajar ta dogara da ma'auni ɗaya tak, an ƙara mata ƙarfi ana cikin aikin, kuma ba a bayyana ta ga matuƙa a littafinsu ba. Jirgin Lion Air ya faɗi a Indonesiya ranar 29 ga Oktoba 2018 da mutum 189. Na Ethiopian Airlines ya faɗi ranar 10 ga Maris 2019 da mutum 157, cikinsu har da marubucin Nijeriya Farfesa Pius Adesanmi. Don haka ba za mu yaudari kowa mu ce kundi ɗaya na hana kowace musiba ba. Kundi yana faɗa maka abin da canjinka ya shafa. Ba ya tilasta maka faɗa wa mutane idan faɗin zai ci maka kuɗi. Mu ma mun ɗanɗani wannan a 'yar ƙaramar sigarmu, ranar da muka zauna muna shawarar ko mu nemi sauran masu injinan ko mu yi shiru tunda ba su yi ƙorafi ba. Shawarar ta ɗauki lokaci fiye da yadda za mu so mu faɗa.

Inda muke ganin gyara ya fi sauƙi shi ne wurin koyo. A kwalejojinmu ɗalibin kanikanci yana can, na lantarki yana can, na kwamfuta yana can, kowa ya yi aikin kammala karatunsa shi kaɗai, a ba shi maki, a tura na'urar sito ta yi ƙura. Da wuya ka ji an tambayi ɗalibi: wace manhaja ce a ciki, bugu na nawa, idan wannan ma'auni ya ƙare a kasuwa me za a canza? Gwamnatin tarayya ta fito da shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa miliyan uku a fasahar zamani, kuma muna murna da shi. Amma yaron da ya iya rubuta manhaja bai taɓa zama kusa da mai walda ba, shafin intanet kawai zai iya yi. Garuruwa irin namu, inda kaya ke tsallaka iyaka zuwa hannun mutumin da wataƙila ba za ka sake gani ba, na'ura suke buƙata wadda za a iya bin sawunta. An rufe iyakar nan daga Agusta 2019 har Disamba 2020, an sake rufe ta daga 2023 har Maris 2024. Wanda ke sayar da inji a Illela yana cewa "in ya samu matsala ka kawo", bai karanta tarihin ƙofar gidansa ba.

Yanzu kowane inji da ya fita daga rumfarmu da lamba a jikinsa, maigida ke buga ta da guduma a ƙarfen, yadda fenti ba zai rufe ta ba. Idan aka kunna shi, kafin ya nuna zafi sai ya nuna bugun manhajar da ke cikinsa da lambar B da yake lissafi da ita, ta yadda ko ta waya yaro zai iya karanto mana. Manhajar tana cikin Git, an daina "ta ƙarshe ta gaskiya". Littafin yana rataye a ƙusa: shafi ɗaya, inji ɗaya, da kayan cikinsa, da inda aka sayo su, da garin da ya tafi. Ba a canza ko da fis sai mu uku mun gani, kuma ba a ba da inji sai ya kwana ya yini a kunne da wani ma'aunin zafi daban a cikinsa. Maigida da ya fi kowa ƙin littafin, yanzu shi ke tambaya, "An rubuta?" Ya gano cewa littafin na raba gardama idan wani ya dawo da injin da ba namu ba ya ce namu ne.

Kuɗin Hajiya mun biya a hankali, kashi-kashi, bayan an buɗe iyaka. Ta karɓa, ta sa mana albarka, amma ba ta sake sayen inji ba. Ta koma ba kaji ƙwan zabinta su kwanta a kai. Cikin injinan tara mun gano shida mun gyara. Uku sun tafi da 'yan kasuwar da suka saya ranar Lahadi suka wuce, ɗaya an ce ya yi wajen Galmi, biyun ba mu da labari. Akwati ne mai shuɗin fenti, ƙofa ɗaya, farantai uku, babu lamba ko ɗaya a jikinsa. Duk wanda ya ci karo da irinsa a wajen ɗan uwa ko maƙwabci, don Allah ya ce masa ya sa ma'aunin zafi na asibiti a ciki kafin ya zuba ƙwai, kada ya yarda da abin da gilashin ke nunawa.